Tsofaffin gem huɗu sun ƙi tashi a Linux Mint, ta ina zan fara?

sabon_shiga:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman taimakon waɗanda suka san kan Wine, manhajar da ke tada shirye-shiryen Windows a Linux. Laftof ce HP EliteBook 8470p, i5 na ƙarni na uku, RAM 8GB, hoton Intel HD 4000, allo 1366x768, da Linux Mint 22 a kai. Gem huɗu nake son bugawa, kowanne da irin tasa rigimar.

Prince of Persia na DOS, in na ba Wine fayil ɗin PRINCE.EXE sai ta ce ba za ta iya tada manhajar DOS ba. Red Alert 2 yana buɗewa amma shafin farko baƙi ƙirin, maɓallai ba sa fitowa sai maus ya bi ta kansu. GTA Vice City ya shiga lafiya daga faifai, amma da an taɓa shi sai ya rubuto "Cannot find 640x480 video mode". Need for Speed Most Wanted na 2005 kuma faifai huɗu ne, girkawar ta tsaya a inda ake neman na biyu, ma'ajiyar faifan ta ƙi buɗewa. Na kwafo foldarsa daga wata kwamfuta mai Windows na saka a Lutris, manhajar tada gem a Linux, sai allo ya yi baƙi na ɗan lokaci sannan ya rufe kansa. A bayanan Lutris akwai layin da ke cewa "Ivy Bridge Vulkan support is incomplete".

Laftof ɗin ce ta yi rauni ko ni ne ban iya ba?

mai_gyara:

Wa alaikumus salam, Malam. Laftof ɗinka ta fi ƙarfin gem ɗin nan guda huɗu, babu wanda a cikinsu aka yi shi bayan 2005, ita kuwa ta 2012 ce. Abin da ya haɗa maka zafi shi ne ka ɗauke su duk abu ɗaya, alhali zamani huɗu ne daban. Prince of Persia na DOS ne, ba ruwansa da Windows balle Wine. Red Alert 2 na shekarar 2000 da DirectDraw yake zana hoto, Vice City da Direct3D 8, Most Wanted da Direct3D 9. Kowanne da hanyar da ake bi da shi. Zan ɗauki tushen aikin da Most Wanted, masana DOS su ji da nasu.

Fara da 32-bit. Mint ɗinka 64-bit ce, gem ukun nan na Windows kuma 32-bit ne, saboda haka suna buƙatar direban hoto da na sauti na 32-bit a gefen waɗanda ke kan na'urar. Rashinsu ne ke sa mutum ya ga Wine ta shiga lafiya amma gem ya ƙi nuna komai. A Terminal:

```
sudo dpkg --add-architecture i386
sudo apt update
sudo apt install wine wine32:i386 winetricks libgl1:i386 libgl1-mesa-dri:i386 libpulse0:i386 libasound2-plugins:i386
```

In ka taɓa ganin "Failed to load libGL" a cikin rubutun da Wine ke zubowa, to wannan ne maganinsa.

Sai abin da Wine ke kira prefix. Folda ce kawai da ke ɗauke da C: na ƙarya da rajistar Windows ta ƙarya, ni ina kiranta ɗaki. Ka ba kowane gem ɗakinsa, kada ka cusa su duka cikin `~/.wine`, domin facin da ya gyara wannan shi zai ɓata wancan, kuma ranar da ɗaki ya lalace sai ka share shi kaɗai ka sake sabo.

```
mkdir -p $HOME/gem
WINEPREFIX=$HOME/gem/nfs WINEARCH=win32 winecfg
```

A tagar da za ta buɗe ka mayar da Windows Version zuwa Windows XP. In aka nemi ka sauke Mono ko Gecko ka soke, gem ɗin nan ba sa buƙatarsu. Abu biyu da ba a yi: ba a saka `sudo` a gaban `wine` ko sau ɗaya, don fayilolin ɗakin za su koma mallakar root ka kasa taɓa su. Kuma ba a gina ɗaki a kan filashi ko ɓangaren diski mai NTFS, FAT32 ko exFAT. Wine na ƙirƙirar mahaɗai masu suna irin `c:` da `z:` a cikin foldar dosdevices, FAT32 da exFAT ba su san wannan ba sam, NTFS kuma rikici yake kawowa. Ka bar shi a cikin gidanka na Linux.

Yanzu baƙin allon Most Wanted. Layin nan na Vulkan da ka kawo shi ne bakin zaren. Lutris na kunna DXVK da kanta, DXVK kuma aikinsa mayar da umarnin Direct3D, hanyar zana hoto ta Windows, zuwa Vulkan, wata sabuwar hanyar da Linux ke ganewa. A kan katin hoto na zamani abu ne mai kyau ƙwarai. Amma tun daga DXVK 2.0 na 2022 sai kati mai Vulkan 1.3 yake karɓa, HD 4000 kuwa Vulkan ɗinta rabi da rabi ne, HD 3000 da ta gabace ta ma ba ta da shi kwata-kwata. To gem ya nemi kati, DXVK ya ce bai ga wanda ya cancanta ba, gem ya mutu. Abin da ya dace da kai shi ne WineD3D, wanda yake cikin Wine tun asali, yana mayar da Direct3D zuwa OpenGL, OpenGL ɗin HD 4000 kuma lafiyayye ne. A Lutris ka danna dama a kan gem ɗin, Configure, Runner options, ka kashe Enable DXVK da Enable VKD3D, ka zaɓi Wine na System. Mai Steam kuma ya rubuta `PROTON_USE_WINED3D=1 %command%` a Launch Options. Wasu za su ce ka koma tsohon DXVK 1.10.3. Yakan tashi a wasu katunan, amma a Ivy Bridge ban ga dalilin wahalar ba, gem na 2005 bai kai nauyin da zai buƙace shi ba.

Most Wanted na neman d3dx9_26.dll. Wine na da nata, amma na Microsoft ya fi zama daidai:

```
WINEPREFIX=$HOME/gem/nfs winetricks d3dx9
```

Zai ci maka data kusan MB 100, sau ɗaya tak, don yana ajiye abin da ya sauke a `~/.cache/winetricks`, ɗaki na gaba daga nan zai ɗauka.

Saura foldar da ka kwafo. Kwafar folda ba girkawa ba ce, ka baro abin da gem ya rubuta a rajista. A waccan kwamfutar ka buɗe regedit ka fitar da maɓallin `EA GAMES\Need for Speed Most Wanted` da ke ƙarƙashin `HKEY_LOCAL_MACHINE\Software`, da na `Electronic Arts` inda lambar faifanka take. In Windows ɗin 64-bit ce za ka same su cikin `Wow6432Node`. Ka buɗe fayil ɗin .reg ka goge kalmar `Wow6432Node` daga kowace hanya, tunda ɗakinka 32-bit ne, ka gyara Install Dir ya nuna sabon wurin, ka ajiye shi da sunan nfs.reg, sannan `WINEPREFIX=$HOME/gem/nfs wine regedit nfs.reg`. Kuma kullum ka shiga foldar gem da `cd` kafin ka rubuta `wine speed.exe`, da WINEPREFIX ɗin ɗakinsa a gaba kamar yadda ka gani a sama. Tsofaffin gem suna neman fayilolinsu ne daga inda kake tsaye.

ɗan_dos:

Sannu da aiki mai_gyara. Malam sabon_shiga, na Prince of Persia minti biyar ne. DOSBox kake buƙata, wadda ke kwaikwayon tsohuwar kwamfuta sukutum, da furosesa da katin sauti da komai.

```
sudo apt install dosbox
```

Ka yi folda `~/dos/prince` ka zuba fayilolin gem ɗin duka a ciki, har da masu .DAT, ba PRINCE.EXE kaɗai ba. Ka buɗe DOSBox ka rubuta waɗannan ɗaya bayan ɗaya:

```
mount c ~/dos
c:
cd prince
prince
```

Sunayen folda su zama gajeru, haruffa takwas ko ƙasa, ba sarari a tsakani. DOS ba ta san dogon suna ba, in ka sa "Prince of Persia" sai ta mayar da shi PRINCE~1 ka yi ta neman sa. Alt da Enter ke cika allo, Ctrl da F10 ke sakin maus in ya maƙale a ciki.

Abin da ya fi rikita mutane shi ne gudu. Gem da yawa na ƙarshen shekarun 1980 an rubuta su ne a kan saurin furosesar lokacin, in ka ba su mai sauri sai su zabura. DOSBox na auna wannan da cycles, lambar tana nan a saman taga. Tana farawa da 3000 ga tsofaffi irin wannan, kuma ya ishi Prince of Persia. Ctrl da F11 ke rage ta, Ctrl da F12 ke ƙara ta. Gem na tsakiyar shekarun 1990 irin su Doom, waɗanda ke nuna DOS/4GW lokacin tashi, su DOSBox kan sakar musu gudu duka da kanta.

Saitin yana cikin `~/.dosbox/dosbox-0.74-3.conf`. Layi uku nake so ka canza: `fullresolution=desktop`, `output=opengl`, `aspect=true`. Na ƙarshen nan yana da muhimmanci. Gem ɗin 320x200 yake zanawa, amma tsofaffin allo na 4:3 suna miƙa shi a tsaye, in ba ka kunna aspect ba yariman zai fito gajere mai faɗi. A can ƙasan fayil ɗin akwai sashen autoexec, ka zuba layukan mount ɗin nan a ciki ka huta da rubuta su kullum.

Duk gem na DOS da ya tambaye ka katin sauti a SETUP ko INSTALL, amsar ita ce Sound Blaster 16, adireshi 220, IRQ 7, DMA 1, babban DMA 5. Da yawa suna zuwa da IRQ 5 a rubuce, shi ya sa kiɗa ke fita amma ƙarar takobi ko bindiga ta ɓace, ko ta yi sau ɗaya ta yi shiru.

Ga wanda gem ɗinsa na DOS a faifan CD yake: kada ka kwafe shi zuwa .iso in kiɗan yana kan faifan a matsayin waƙoƙin CD, .iso bayanai kawai yake ɗauka ya zubar da kiɗan. Ka yi .bin da .cue da cdrdao da toc2cue, ka haɗa da `imgmount d wasa.cue -t iso`. In kiɗan ya fito shuuu kamar rediyon da ba ta kama tasha ba, jerin bayit ne ya juye, ka sake kwafa da `--driver generic-mmc:0x20000`.

Akwai kuma SDLPoP, Prince of Persia ɗin da aka sake ginawa ya yi aiki kai tsaye a Linux, yana barin ka ajiye wasa a inda kake so. Na asali minti sittin ya ba ka ka gama, to ajiyar nan tana da amfani.

'yar_kano_linux:

Wa alaikumus salam. Ƙarin bayani kaɗan a kan maganar Yaya mai_gyara, saboda masu karantawa da ba Mint gare su ba. `WINEARCH=win32` na aiki a Wine 9.0 da ke zuwa da Mint 22. Amma akwai sabon ginin Wine, wanda Arch ta koma kansa, da ke tafiyar da manhajar 32-bit a cikin 64-bit ba tare da fayilolin i386 ba. A can in ka sa win32 zai ƙi, ya ce "not supported in wow64 mode". Wanda ya ga haka ya cire WINEARCH kawai, kuma ya bar `Wow6432Node` a fayil ɗin rajista yadda yake.

Vice City. Yana tashi ne da neman allo ya koma 640x480, direban allon laftof kuma ba lallai ya ba shi wannan awon yadda yake so ba. Sai a yi masa allon ƙarya. Ka gina masa ɗakinsa, a winecfg ka shiga Graphics ka kunna Emulate a virtual desktop, ka sa 1024x768. Ko kai tsaye:

```
WINEPREFIX=$HOME/gem/vc wine explorer /desktop=vc,1024x768 gta-vc.exe
```

A cikin wannan tagar duk awon da ya nema Wine za ta ba shi. Amfaninta na biyu, in gem ya mutu ba zai bar maka Mint da manyan haruffa a 640x480 ba. In har yanzu ya ƙi, ka nemi foldar GTA Vice City User Files a Documents ka share gta_vc.set, nan yake ajiye saitin hoto, kuma wanda ya lalace yana hana shi tashi. Ajiyar wasanka ba ta cikinsa.

Da ya buɗe, kafin komai ka shiga Options, Display Setup, ka tabbatar Frame Limiter na kunne. Lissafin motsin gem ɗin a ɗaure yake da hotuna 30 a daƙiƙa. Ka kashe shi hoto ya yi santsi, amma mota za ta riƙa jan ƙafa in ka sa ribas, wasu ayyukan su gagara. Sannan ka nemi SilentPatch na Vice City, faci ne da ke gyara matsalar maus da wasu kurakurai masu yawa da kamfanin bai gyara ba.

Nan ne wurin da kusan kowa ke tuntuɓe. Facin tsofaffin gem galibi fayil ne na DLL da ake ajiyewa kusa da .exe, mai suna irin na Windows: ddraw.dll, dinput8.dll, d3d8.dll. A Windows gem na ɗaukar na kusa da shi. Wine kuwa ga irin waɗannan sunayen nata na ciki take fifitawa, sai ka saka faci ka ga ba abin da ya canza, ka ɗauka bai yi ba. Dole ka gaya mata. A winecfg, Libraries, ka rubuta sunan ba tare da .dll ba, Add, ya nuna native, builtin. Ko a layi:

```
WINEDLLOVERRIDES="ddraw=n,b" wine gta-vc.exe
```

Ma'anar n,b ita ce ta fara gwada na foldar gem, in babu ta koma nata. Facin faɗin allo na Most Wanted ma haka yake, shi da dinput8 yake shiga, sai `dinput8=n,b`. Ba tare da shi ba gem ɗin bai san allo mai faɗi ba.

Red Alert 2 kuwa cnc-ddraw ne maganinsa. Baƙin shafin nan ya samo asali ne daga yadda gem ɗin ke zana maɓallansa da tagogin Windows na yau da kullum a saman hoton DirectDraw mai launi 16-bit, haɗin da ko Windows 8 zuwa sama ba ta iya da shi ba. Ka zuba fayilolin cnc-ddraw a foldar da game.exe yake, ka yi masa `ddraw=n,b`, ka buɗe ddraw.ini ka sa `renderer=opengl`, `windowed=true`, `fullscreen=true`, `maintas=true`. Biyun tsakiyar in suka haɗu suna ba da taga marar baki da ta cika allo, kana iya Alt da Tab ba tare da ya daskare ba. Awon filin yaƙi a ra2.ini yake, sashen Video: `ScreenWidth=1366`, `ScreenHeight=768`, `VideoBackBuffer=no`. Yuri's Revenge nasa ra2md.ini ne. Kada ka haɗa cnc-ddraw da allon ƙarya na Wine, ɗaya ya isa. Kar kuma a ce maka OpenRA zai maye gurbinsa, shi Red Alert na farko da Tiberian Dawn da Dune 2000 ya ɗauka, na biyun ba ya cikin waɗanda yake zuwa da su.

Ka lura da manya da ƙananan haruffa lokacin zuba faci. A Linux `Scripts` da `scripts` folda biyu ne. In faci ya zo da ɗaya gem yana da ɗaya, za ka wayi gari da su biyun a jere, Wine ta ɗauki wadda ta dace da rubutun da gem ya nema ta bar ɗayar. Ka haɗe su da hannu.

sabon_shiga:

Allah ya saka da alheri, ya ƙara ilimi. Prince of Persia da Vice City da Red Alert 2 duk sun tashi. Most Wanted ya daina baƙin allo bayan kashe DXVK, amma yanzu cewa yake in saka faifai alhali na farkon yana ciki. Sautin Vice City kuma yana ƙarƙara kamar lasifika ta fashe.

mai_gyara:

Amin, madalla. Sautin tukuna, don shi ne mai sauƙi. Ma'ajiyar sautin da ake ba gem ɗin ce ta yi ƙanƙanta, tana ƙarewa kafin ya sake cika ta. Ka ƙara `PULSE_LATENCY_MSEC=60` a farkon layin da kake tada shi. In bai daina ba ka kai 90. Saitin na tsarin sauti na PulseAudio ne, amma yana aiki duk da Mint 22 wani tsarin, PipeWire, take amfani da shi. In maus ko sauti na yin tsalle a wani tsohon gem, ka gwada ɗaure shi a kan furosesa ɗaya da `taskset -c 0 wine gta-vc.exe`, an rubuta su ne lokacin da kwamfutar gida ke da guda ɗaya tak.

Neman faifai kuma kariyar kwafi ce. Most Wanted da SafeDisc ya zo, kuma ba Linux kaɗai yake ba wahala ba, Windows 10 ma ta daina karɓar direbansa. Wine na iya wa wasu nau'o'insa, amma sai ta san cewa abin da take gani faifai ne na gaske. Ka saka faifan, ka bari Mint ta buɗe shi a `/media`, sannan winecfg, Drives, ka duba harafin D: yana nuna can, ka danna Show Advanced ka mayar da Type zuwa CD-ROM. A foldar dosdevices ya kamata ka ga `d:` da kuma `d::` mai ɗigo huɗu. Na biyun shi ne mahaɗi zuwa `/dev/sr0`, na'urar kanta, ta nan kariyar ke karanta faifan. In babu shi:

```
ln -s /dev/sr0 $HOME/gem/nfs/dosdevices/d::
```

Ka duba da `groups` cewa kana cikin rukunin cdrom. Ɗakin kuma ya zauna a Windows XP.

Shawarata ka sake girka shi daga faifan, ka bar kwafaffiyar foldar. Abin da ya hana ma'ajiyar buɗewa shi ne Linux ba ta sakin faifan da wani ke amfani da shi, kuma in ka shiga cikinsa da `cd` ka tada girkawar daga nan, Terminal ɗinka ce ke riƙe da shi. Ka tsaya a gidanka ka kira shi da harafinsa, `wine 'D:\AutoRun.exe'`. In ya nemi na biyu ka buɗe wata Terminal, da WINEPREFIX ɗin nan dai, ka rubuta `wine eject d:`, ka canza faifai, ka jira Mint ta buɗe shi kafin ka danna OK. Bayan an gama ka ɗora facin 1.3 na kamfanin.

Za ka ci karo da shafuka masu ba da speed.exe da ba ya neman faifai. Ka sani Wine ba katanga ba ce. Harafin Z: da ke cikinta Linux ɗinka ce gaba ɗaya, duk .exe da ka tada yana iya karantawa da goge duk abin da kai kake iyawa a gidanka, hotuna da takardu da komai. Ƙwayar cutar Windows tana aiki a Wine kamar yadda gem ke aiki.

In ya ƙi bayan duk wannan, ka tada shi haka ka kawo mana abin da ya rubuta:

```
wine speed.exe > bayani.txt 2>&1
grep "err:" bayani.txt
```

Layukan `fixme:` ka ƙyale su, Wine ce ke faɗin abin da ba a kammala rubutawa ba, kuma galibi ba su hana komai. Na `err:` muke so, musamman `import_dll` mai cewa "not found" ko lambar c0000135, wadda ke nufin akwai DLL da ya ɓace, sunansa yana nan a layin. Ka haɗo da sakamakon `wine --version` da na `ls -l` a kan foldar dosdevices.